Bakan da Bai Kai Kunne Ba

Ban taɓa kiran sunan maigidana ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu da yake kwance a ƙasa ba. Malam nake ce masa, ko da yake ba malamin allo ba ne. Maharbi ne, ɗan maharbi. Ni ban yi karatu ba. Jikata ce ke riƙe da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa, in na yi shiru ta jira ni, don har yau in na zo kansa hawaye kan riga magana fitowa.

Dogo ne ƙwarai. Sai ya sunkuya yake shiga zaurenmu na Ƙofar Gayan, tela kuwa kullum ƙorafi yake yi cewa hannun rigarsa kaɗai ya isa wandon wani. Wannan tsawon hannu shi ya sa harbinsa ya bambanta da na mutane. Masu baka na yanzu da yatsu suke tsunkular tsarkiya, su ja zuwa ƙirji su saki. Shi zoben ƙarfe yake sawa a babban yatsansa na dama, ya maƙale tsarkiyar a bayan zoben, ya danne da manuniya, ya ja har yatsan ya wuce kunnensa. Haka ubansa ya koya masa. Zoben ba ya fita daga hannunsa, da shi yake alwala, da shi yake cin tuwo, har wurin ya yi baƙi ya yi kanta.

Sa'ad da aka kawo ni gidan nan, daji na bayan ganuwa. Yakan fita ya dawo da gada ko zabi, wani lokaci zomo kaɗai. Sannu a hankali gidaje suka cinye dajin, ya koma ga 'yar gonarsa. Amma bai bar bakan ba. Kowace safiya, in ya dawo masallaci rana ta ɗan ɗago, sai ya shiga kangon da ke bayan ɗakinmu, inda ya jingina buhun ƙaiƙayi da katanga, ya yi ta harbi har koko ya huce.

Bakan na ubansa ne, ya yi baƙi wuluk don shan mai. A ɗakinsa yake rataye shi, can sama kusa da rufi. Ban taɓa sa masa hannu ba. Ranar da na tare uwar mijina ta ce mini mace ba ta taɓa bakan maharbi, ba ta ƙetare shi. Ban tambayi dalili ba. In na zo shara sai in kewaye.

Ɗakin nasa soro ne, tsoho, ya fara yoyo. Babban ɗanmu, wanda ke aikin ofis a unguwar Kongo, ya sa aka sauke azarar aka buga kwano. Alheri ya yi, muka sa masa albarka. Ba wanda ya tuna da abin da ke rataye a ƙarƙashin rufin. Bazara ta zo, ɗakin ya zama kamar tanderu, bakan yana can sama yana gasuwa kullum. Wata safiya ina tsakar gida na ji ƙara irin ta icen girki in an karya shi a gwiwa. Na leƙa kango na tarar da Malam tsaye, guntu a hannunsa, guntu yana reto a jikin tsarkiya, jini na bin girarsa.

Ya shiga ɗaki. Ya tura guntayen ƙarƙashin gado. Ya nemi sabulu ya murza yatsa har zoben ya fita, ya miƙo mini.

"Ajiye," ya ce.

Daga ranar ya bar cin abinci. In na kai tuwo sai ya gutsura loma ɗaya ya ture. Na yi masa fate, na yi dambu, na dama fura da nono mai kyau, duk suka dawo. Ya daina zama a zaure. Masallaci ma sai da dafa bango. Ɗanmu ya kai shi asibiti, aka auna, aka ce ba su ga kome ba sai tsufa, aka ba shi maganin ƙarin jini. Da na matsa masa sai ya ce, "Bakan nan ya girme ni. In shi ya gaji, ni me nake jira?" Na san mutumin da nake aure. In ya ɗaura niyya ba ya kwancewa, kuma na ga niyyar tafiya ya ɗaura.

Ɗanmu ya sayo baka a kasuwa, an naɗe shi da jar fata har da tuntaye. Malam bai so ya kunyata yaron ba, ya karɓa ya ja da yatsa tsirara. Bai kai tsakiyar ƙirji ba itacen ya cije, ya fara ƙara. Ya mayar masa.

"Allah ya yi maka albarka. Rataya shi a falonka, zai yi kyau."

Yaron bai haƙura ba. Ya zauna bakin gado ya nuna masa a waya wasu mutanen ƙasashen nesa suna harbi da zobe, suna ja har bayan kunne. Malam ya daɗe yana kallo. Ya nuna ɗaya ya ce, "Wannan ya iya." Ya tambaya da wane itace aka yi nasu. Yaron ya ce ba itace ba ne, wata irin roba ce, kuma ana iya aikowa da shi. Malam ya miƙa masa wayarsa ya juya ga bango.

Sai na ga ni ce zan fita. Tsohuwa ba a tambayarta ina za ta. Na sa ɗanmu ya zaro kibiya ɗaya daga kwari ya cire mata kai, don dafi ba ya tsufa, ya naɗe mini kyauron a tabarma. Kibiyar maharbi daidai tsawon jansa ake yanka ta, wannan kam na sani. Zoben kuma na ƙulle shi a haɓar zane.

Na fara da kasuwa. Mai sayar da bakunan Bakano ne, yana zaune tsakanin wuƙaƙe da layu. Na shimfiɗa tabarmar a gabansa na ce ina son bakan da zai ja wannan har ƙarshe.

Ya duba, ya kwashe da dariya. "Iya, wannan kibiya ce ko sandar kora awaki? Ku Zage-zagi kome naku sai kun ƙara masa tsawo, har ƙarya."

"Ku kuwa kome naku gajere ne, har mudu," na ce masa. "Akwai ko babu?"

Ya daina dariya ya faɗa mini gaskiya. Ya ce bakunansa na 'yan sintiri ne da masu ado, ba wanda zai kai rabin kyauron bai tsage ba. Na gode masa.

Na bi gidajen abokan farautar Malam. Wasu sun rasu, 'ya'yansu ba su san inda bakunan suka shiga ba. Wasu sun koma bindiga. Ɗaya ya fito mini da nasa daga rumbu, gara ta cinye shi, yana ɗagawa gari na zuba. Kullum in dawo in tarar da kwanon da na bari a rufe yadda na bar shi. Wuyan Malam ya fara fita daga riga kamar na zakaran da aka fige.

Ina da ƙawa a Wusasa, Kirista ce, ta yi aikin karɓar haihuwa a asibiti har ta ajiye. Shekara da shekaru a wurina take sayen daddawa. Ta zo ta tarar da ni ina kuka a kan turmi, na ba ta labari. Ta ce mahaifinta ma ya yi farauta kafin ya zama malamin makaranta, kuma a wani gida bayan dutsen Kufena ake yi masa baka. Ba ta san ko akwai sauran mai yi ba.

"Ɗauko mayafinki," ta ce. "In babu mun sha iska."

Keke mai ƙafa uku ya kai mu inda hanya ta ƙare, muka ƙarasa da ƙafa ta cikin gonaki. Muka sami wani tsoho gajere a gindin mangwaro yana sassaƙa ƙotar fartanya. Shi ne ɗan mai yin bakan. Bayan gaisuwa ya warware tabarmar, ya ɗora kyauron a hannunsa na hagu ya miƙe shi. Ƙarshen ya wuce kunnensa, ya wuce ƙeyarsa.

"Hajiya, mijin naki mutum ne ko giginya?"

"Ban je hajji ba tukuna, Iya ta ishe ni. Mutum ne, kuma ba ya cin abinci."

Na kwance zoben na ba shi. Ya zura yatsansa, zoben ya yi ta yawo. Ya juya shi ya duba inda tsarkiya ta ci ƙarfen. Ya ce rabon da a zo masa da zobe tun ubansa na raye. Ya ce mai ja da zobe yana wahalar da baka, don yana kai itace inda mai yatsu ba ya kai shi, saboda haka sai dogon itace da ya bushe a hankali. Ya shiga madafin matarsa ya hau turmi, ya sauko da itatuwan dargaza da ya sare tun da daɗewa, hayaƙi ya rine su. Ya zaɓi wanda ya fi tsawo.

"Zan fere shi, in tanƙwara shi, in murza masa tsarkiya," ya ce. "Amma ba zan iya gama shi ba."

Na ce to wa zai gama?

"Mai shi. Baka ba ya zuwa da tsawon ja, koya masa ake yi. Da safe a shanya shi ya ji ɗumi, a shafe shi da man kaɗe, a ja har inda ya cije, a tsaya nan. Gobe a ƙara kaɗan. In aka kai shi kunne ran farko zai karye kamar wancan. Ni kuwa ga hannuna, ko na shekara ina ja ba zan kai shi inda mijinki ke so ba."

Na tambaye shi tsawon wane lokaci. Ya ce ya danganta da itacen, ya danganta da mutumin. Raina ya ɓaci. Na ce ni abin da za a ɗora masa a hannu yau nake nema, mutumin nan ƙarewa yake yi.

"To ai sai ya ci," in ji shi. "Da yunwa ba a koya wa baka kome."

Ran da muka koma ɗauka, ya miƙo mini shi, fari sol, na ja da baya. Na gaya masa abin da uwar mijina ta ce. Ƙawata ta ce, "Ni dai abin da hannun nan ya riƙe a ɗakin haihuwa ya fi ƙarfin sanda. Kawo." Tsohon ya ce ita ma ai mace ce. Ya naɗe shi a tabarma ya ɗaure da igiya, muka kama ita gaba ni baya. A keke kuwa ya fito ta dama ya fito ta hagu, mai keken yana ta mita wai mun sa shi dakon azara, duk wanda muka wuce sai ya kauce.

Na jingina shi a ƙofar ɗakin Malam, na faɗa masa inda na je da abin da aka ce. Ya tashi zaune da ƙyar.

"Wa ya aike ki?"

"Kwanon da kake dawo mini da shi."

"Tsofai-tsofai da ke kina yawo bayan dutse."

Ya sa aka kwance tabarmar. Ya dubi itacen sama da ƙasa, ya ce, "Wannan ai jariri ne." Ya koma ya kwanta. Na ce a raina shi ke nan, na yi wahalar banza. Bakan ya kwana biyu a wurin ba wanda ya kula shi. Sai wata safiya na ji muryarsa daga ɗaki, yana tambaya ko akwai man kaɗe a gidan nan ko shi ma sai an je bayan dutse.

Na kawo man, na kawo zoben. Ya sa, ya faɗo, don yatsan ya rame. Sai da na naɗa masa zare a ciki ya zauna. Ya dafa bango har kango. Ya ɗaura tsarkiya da taimakon gwiwa, ya ja. Yatsan bai wuce gwiwar hannunsa na hagu ba ƙafafunsa suka fara rawa. Ya sassauta, ya zauna a kan turmi yana haki. Can ya ce, "Akwai sauran furar jiya?" Babu, na aika aka sayo. Ya shanye, ya lashe ludayi. Na shiga ɗaki na yi kuka inda ba zai ji ba.

Ya ce ba za a ƙara rataya baka ƙarƙashin kwano ba, aka kafa masa maratayi a zaure, wanda har yanzu soro ne. Wannan ya sa ya koma zaman zaure, don ba ya son yara su taɓa. Ni kuma na sami sabon aiki. Mai ja ba ya ganin inda yatsansa ya kai, saboda haka kowace safiya sai in tsaya a gefensa in faɗa masa.

"Ina ya kai?"

"Kafaɗa."

"Wace irin kafaɗa? Ai na ji shi a haɓa."

"Kafaɗar hagu, Malam."

"Ƙara kaɗan mana, 'yar tsohuwa."

"Ni ba mai awo ba ce, balle in yi maka gyara."

Sai ya yi tsaki ya ce idona ya mutu, ya nemi abin karyawa. Ya fara zaɓen abinci, abin da bai taɓa yi ba tun aurenmu. Yau ya ce miyar kuka ba ta sa ƙarfi, gobe ya ce a nemo masa ƙashin saniya. Ɗanmu ya riƙa kawo hanta ran Juma'a. Na warware zaren zoben rabi, daga baya na cire shi duka. Itacen ya bar fari ya koma ja. Yatsan ya zo haɓa a tsakiyar damina, ya zo gefen baki da kaka. Ran da ya fara sa kibiya ya saki, ta wuce buhun ta bugi katanga, ya ce buhun ne aka matsar.

A ƙashin kunci abin ya tsaya. Wata ya wuce, wani ya bi, kullum amsata ɗaya. Tsakanin yatsansa da kunnensa bai fi faɗin yatsu uku ba, amma ya ƙi rufuwa. Malam ya ce itacen ne mai taurin kai, irin na bayan dutse. Ni kuwa da nake tsaye a gefe ina ganin yadda hannunsa na hagu ke karkarwa.

Tsohon nan gajere ya shigo birni wata rana sayar da ƙotoci, ya biyo ya gaishe mu. Suka zauna a zaure suna hirar dazuzzukan da yanzu unguwanni ne, Malam yana kiransa guntu, shi yana kiran Malam giginya. Ya sauko da bakan ya shafa shi daga kai zuwa kai, ya danna shi a ƙasa ya saurara. Da na rako shi bakin ƙofa ya rage murya.

"Iya, itacen ya yarda tuni. Ko yau aka kai shi bayan kunne zai je."

Na ce na gane. Na dawo na tarar da Malam yana mayar da bakan maratayi, bai juyo ba.

"Na ji abin da guntun nan ya faɗa miki. Kunnena bai mutu ba."

Na tsaya a bakin ƙofa. Na ce a raina yau za a sake neman sabulu a cire zobe.

"Me ya sani?" ya ce. "Mutumin da ko kunnensa a ƙasa yake. Tuwon ya nuna?"

Ya ci malmala biyu a ranar. Washegari ya fita kango kamar kullum, ya tambaye ni, na ce kunci. Bai ƙara cewa itacen na da taurin kai ba, bai kuma daina ja ba.

Damina biyu ya gani bayan zuwan bakan nan. Ya ga auren jikarmu ta fari, ya yi wa ɗanta huɗuba. Ya yi faɗa da maƙwabci a kan magudanar ruwa, ya yi nasara. Duk wannan da ba a yi ba.

Ranar ƙarshe ba ta zo da wata alama ba. Ya shafa mai, ya ja, ya tambaya, na ba shi amsar jiya. Ya ce gobe. Ya sha koko da ƙosai, ya ce ya daɗe bai ci alala ba, in yi masa washegari da manja da yaji sosai. Na auno wake na jiƙa. Bayan azahar ya ce kansa na sarawa, zai ɗan kishingiɗa a zaure. Da aka kira la'asar na leƙa in tashe shi, na tarar Allah ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mutane suna ce mini in yi haƙuri, ya tsufa, ya tafi ba jinya. Na sani. Haƙurin ne ba ya zuwa yadda ake faɗarsa. Har yanzu in na zo kwasar tuwo sai in ga na kwashe na mutum biyu, in zauna in tasa kwanon a gaba ina kuka, ba na kuma jin kunyar kowa ya gani.

Waken nan da na jiƙa, ƙawata ce ta zo daga Wusasa ta tarar da shi ya kumbura a roba. Ta ce kada a zubar. Ta surfa, ta kai niƙa, ta yi alalar da manja da yaji sosai, masu zaman makoki suka ci. Ni ban iya ci ba. Amma na riƙa kallonsu suna ci ina cewa a raina, abin da na fita nema Allah ya ba ni. Mutumin da ya taɓa ture kwano yana jiran mutuwa, da ta zo ta same shi yana marmarin abincin gobe. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.